Jazz Bass ta 1964 da aka sake wa fenti: in saya ko in haƙura?

Ɗan Bes:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Shekarata tara ina kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, kuma jita biyu kawai na taɓa mallaka, duka sababbi na saye su. To yanzu wani ya yi min tayin Fender Jazz Bass, ya ce ta 1964 ce. Na riƙe ta kamar minti ashirin, kuma wallahi tun da nake ban taɓa jin wuyan jita ya zauna min a hannu haka ba, sai ka ce tafina aka auna aka sassaƙa shi. Damuwata biyu ce. Fentin jikinta ba na asali ba ne, shi ma mai ita bai ɓoye ba, ya ce tun kafin ta zo hannunsa aka sake fesa ta. Sannan kuɗin da ya yanka zai lashe duk abin da na tara, har sai na sayar da ɗaya daga cikin nawa biyun. Lambar da ke kan farantin bayan wuya da harafin L ta fara. Mako ɗaya ya ba ni. In saya ko in haƙura?

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin mu kai ga saye ko haƙuri, ka ga cikinta?

Harafin L ɗin nan ya dace da zamanin, Fender ta yi amfani da shi daga 1963 zuwa 1965. Amma fa farantin ƙarfe ne da sukuru huɗu suke riƙe da shi. Minti biyu ya ishe ni in ciro shi daga wannan jitar in ɗaura wa waccan. Duk wanda ya sayi tsohuwar Fender don lambar faranti kaɗai, cinikin biri a sama ya yi.

Ka roƙi mai ita ya bari a kwance wuyan a gabansa. A gindin wuyan, ta wajen da ke shiga cikin jiki, akwai hatimin tawada. A 1962 suka fara buga shi, kafin nan da fensir ma'aikaci yake rubutawa. Za ka ga lamba, sai wata, sai shekara, sai harafi ɗaya. Da yawa suna ɗauka lambar farkon ranar wata ce, alhali lambar samfuri ce: 7 ta Jazz Bass, 5 ta Precision, ɗaya samfurin bes na Fender. Harafin ƙarshe kuma faɗin wuya ne, A shi ne siririn nan da ya tafi da hankalinka. Daga nan a buɗe farantin maɓallan sauti a karanta abin da ke jikinsu ta ciki. In ya fara da 304 na kamfanin Stackpole ne, in 137 na CTS ne, lambobi biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. Ka kuma dubi dalmar da aka liƙa wayoyin da ita. Dalmar da ta shekara sittin ba ta sheƙi. In ka ga tana walƙiya, wani ya riga ka shiga wurin.

In ya ƙi yarda a kwance, ka yi masa godiya ka kama hanyarka.

Ɗan Bes:
Na gode Baba. Ina jin nauyin tambayarsa ne, kada ya ga kamar na ƙaryata shi.

Baba Mai Gyara:
Wanda zai karɓi kuɗinka na shekaru bai ji nauyinka ba, kai ne za ka ji nauyin sukuru huɗu?

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
Baba ya gama magana a kan bincike, ni bari in yi ta kasuwa. Ina da bes goma sha huɗu, shida daga ciki na kafin 1965 ne, don haka na sha wannan ruwan. A wurin masu tarawa, fenti shi ne rabin jitar. Ba ƙari nake yi ba, abin da dillalai suka saba faɗa ke nan, cewa sake fenti yana zubar da kusan rabin daraja. In dai kuɗin da mutumin ya yanka ya kusa na wadda ba a taɓa ba, to ya zalunce ka.

Dalili kuwa shi ne fenti sau ɗaya ake yinsa. Maɓalli in ya mutu za ka iya nemo na shekarar ka sa, amma fentin da aka kankare ya tafi har abada. Kuma da shi ake gane launukan musamman. A wancan zamanin yawancin bes ɗin Fender launin nan ne mai duhu a gefe yana washewa zuwa tsakiya. Wanda yake son wani launi dabam sai ya ƙara kashi 5 cikin ɗari a fesa masa fentin mota na kamfanin DuPont, su Fiesta Red, Lake Placid Blue, Shell Pink. Mutane kaɗan ne suka biya wannan ƙarin, shi ya sa yau su ne ake rububi a kai. Shi ya sa kuma jabu ya fi yawa a can: a samo mai launin gama-gari, a fesa mata ja, a daddauje ta da gangan, a ce ta kwana a ƙarƙashin gadon wani tsoho shekara hamsin. Kyan ɗan maciji.

Shawarata, ƙanena, ka haƙura. Ka ƙara tari na wasu shekaru ka sayi wadda ba a taɓa ba. Ita ce in ka gaji za ka sayar ba tare da doguwar magana ba.

Anti Mai Tsirkiya:
Alhaji, da girmanka, amma yaron nan bai ce yana neman abin da zai sayar ba. Cewa ya yi wuyan ya zauna masa a hannu. Ni shekarata goma sha bakwai ina aikin ɗaukar sauti, kuma bes ɗin da na fi samun aiki da ita tsohuwar Precision ce da aka kankare wa fenti har katako ya fito. Wanda ya kankare ɗin nan ni alheri ya yi min, don ba don shi ba da ban iya sayenta ba. Ina ɗaukarta in shiga mota, in jingine ta a kujera, in ta ƙarzu ba na kwana da ciwon kai. Kai kuwa Alhaji, a cikin goma sha huɗun nan, nawa ne suka ga hasken rana a shekarar nan?

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
Uku. Kuma ba na jin kunyar faɗa.

Anti Mai Tsirkiya:
To goma sha ɗaya ke nan suna zaman takaba a akwati.

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
Hajiya, kin ba ni dariya, amma ki tsaya ki ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kin san me ya sa a yau Baba yake iya cewa hatimin 1964 kaza yake, dalmar kaza take? Don akwai waɗanda ba a taɓa ba da ake gwadawa da su. Da kowa ya yi irin naki, ya kankare, ya huda, ya canja maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da yanzu babu wanda ya san yadda suka fito daga masana'antar Fender da ke garin Fullerton. A shekarun 1970 an yi wa tsofaffin jita ɓarna mai yawa da sunan gyara, don a lokacin tsohuwar jita ce kawai, ba kayan tarihi ba. Mu da muke kulle su, shaida muke ajiyewa.

Injiniya:
Bari in jefa nawa dutsen. Duk wannan maganar ta fifita jitocin kafin 1965, waɗanda ake kira “kafin CBS”, ni ina ganin rabinta tatsuniya ce. Abin da ya faru a fili yake: a Janairun 1965 Leo Fender ya sayar wa CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, kamfaninsa a kan dala miliyan 13. Washegari ma'aikatan nan su ne dai, injinan su ne, katakon da ke sito shi ne. Amma jitar Disambar 1964 da ta tsakiyar 1965, a kasuwa sai ka ce ba uwa ɗaya ta haife su ba. Canje-canjen da suka taɓa inganci daga baya suka zo: fenti mai kauri na roba wajen 1968, jiki mai nauyi a shekarun 1970, wuya mai sukuru uku a Jazz Bass a tsakiyar shekarun.

Sannan sautin bes na lantarki daga ina yake fitowa? Tsirkiya ce take kaɗawa a saman maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wannan ya haifar da ɗan lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Irin tsirkiyar, wurin da maɗaukin yake zaune, yawan naɗin wayar, da yatsun mai kaɗawa, su ne kusan komai. A rufe wa mutum ido a kaɗa masa ta 1964 da sabuwa mai kyau, ni dai ban yarda zai riƙa ganewa ba. In kana so ka ji daɗin tsohon samfuri ba tare da ka tsiyace ba, ka nemi Fender ɗin Japan na farkon shekarun 1980 masu lambar JV.

Baba Mai Gyara:
Injiniya, a kan kunne na yarda da kai fiye da rabi. A kan hannu ban yarda ba. Wuyan da aka shekara sittin ana murzawa, gefunansa sun lanƙwashe, fentin bayansa ya siɗe, katakon ya gama duk motsin da zai yi. Mai sauraro ba zai ji wannan ba, amma mai kaɗawa yana ji, kuma in hannu ya sake kiɗa ma sai ya sake. Sai dai kar a ɗauka duk tsohuwa ce mai kyau. Na riƙe na 1962 da sautinsu ya mutu murus, na riƙe na 1978 da ba na son ajiyewa.

Ƙaramin Ɗalibi:
Don Allah iyayena ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Wace ce bes ta lantarki ta farko a duniya? Ita ce ta fi tsada ke nan?

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
Tambaya mai kyau, ɗana, kuma amsarta za ta ba ka mamaki. Yawancin mutane za su ce maka Precision Bass ta Leo Fender, 1951. Ita ce ta farko da ta karɓu, ita ce ta sa tsawon inci 34 ya zama ma'aunin da kusan kowa yake bi har yau. Sunan ma daga ƙarafan da ke kan wuyan ya samo asali, don suna sa mutum ya dace da sautin daidai, saɓanin babbar bes ta tsaye da ba ta da su. Amma tun wajen 1936 wani mutum a birnin Siyatil na Amurka, Paul Tutmarc, ya ƙera bes ta lantarki mai tsirkiya huɗu da ake riƙewa kamar jita, Audiovox 736. Ba ta yi kasuwa ba, kuma 'yan ƙalilan ne aka san suna nan. Ta fi kowace Fender wuyar samu. Amma ba ita ce ta fi tsada ba, ko kusa.

Injiniya:
Yauwa, Alhaji da bakinka ka kawo ni inda nake so. Ƙarancin abu dabam, kyansa dabam, tsadarsa ma dabam. Ɗauki Fender Bass V da aka fito da ita a 1965. Tsirkiya biyar, amma ta biyar ɗin siririya ce a sama, ba mai kauri a ƙasa irin ta yanzu ba, ƙarafan wuya 15 kacal, jiki dogo kamar an ja shi. Wajen 200 aka yi, don ba wanda ya so ta. Har jikkunan da suka yi kwantai sai da aka sake yanka su aka yi wata ƙaramar jita da su. Yau ana ce mata “mai wuyar samu”. To ai dole ta yi wuyar samu, tunda mutanen zamaninta sun gwada sun ajiye.

A ɗaya gefen, dubi waɗanda suka kafa tarihi a gwanjo. Fender Mustang Bass ta 1969 ta Bill Wyman na ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones, dala 384,000 a 2020. Mustang fa, ƙaramar bes mai gajeren wuya da aka yi don ɗalibai. A 2021 kuma Yamaha BB-1200 ta Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta kusa dala dubu 500. Samfurin masana'anta ne da aka yi da yawa. Ba katako aka saya ba, sunan wanda ya riƙe aka saya.

Anti Mai Tsirkiya:
Kuma waɗanda suka sa muke son bes ɗin nan tun farko, ya suka yi da nasu? Jaco Pastorius ya ɗauki Jazz Bass ta 1962, wadda Alhaji zai sa a gilashi, ya cire mata ƙarafan wuya, ya cike gurabun, ya shafe fuskar wuyan da danƙon da ake shafa wa jirgin ruwa. A ma'aunin masu tarawa ya kashe ta. A ma'aunin kunne kuwa, sautin da ya fitar da ita har gobe ana bin sa. James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown shi ma Precision ɗinsa ta 1962 ba ya ko canja mata tsirkiya sai ta tsinke, wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi sama har wasu ba sa iya kaɗa ta, shi kuma da yatsa ɗaya yake aiki. Da an kawo wa Baba ita ba a faɗi mai ita ba, cewa zai yi a kai ta asibiti.

Baba Mai Gyara:
Da kuwa na faɗa, 'yata. Ba zan yi ƙarya ba.

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
Tunda kin kawo su, ki ƙarasa labarin. Ina jitocin suke? Ta Jamerson an sace ta dab da rasuwarsa a 1983, har yau ba a gan ta ba. Ta Jaco an ɗauke ta a wani wurin shaƙatawa a Niyok a 1986, shekara guda kafin ya rasu, sai bayan kusan shekara ashirin ta ɓullo, aka yi ta shari'a, har Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya sa kuɗinsa aka warware. Ta McCartney fa, Höfner 500/1 mai siffar goge da ya saya a Hambug a 1961 a kan kusan fam 30? An fasa mota a Landan a 1972 an ɗauke ta. Shekara hamsin da ɗoriya ba labari, sai da wasu suka kafa gangamin nemanta, sannan aka same ta a saman silin wani gida a kudancin Ingila, aka sanar a Fabrairun 2024. Kuma da me aka tabbatar ita ce? Da tsofaffin hotuna da ƙananan alamomin da masu bin diddigi irina suka haddace. Ku da kuke mana dariya, ranar da aka sace taku wurinmu za ku zo.

Anti Mai Tsirkiya:
Wannan kam ka ci ni, Alhaji. Amma ka lura duka ukun a bakin aiki aka san su, ba a akwati ba.

Mai Hagu:
Ni nawa kukan dabam ne. Ku na dama kuna ta gardamar fenti, mu bahagwai ko wadda aka sake wa fenti sau uku ba ma gani. Shekara shida ina neman Rickenbacker 4001 ta hagu ta shekarun 1970. Biyu na gani, ɗaya wuyanta ya tsage.

Baba Mai Gyara:
Tsagewar nan ba baƙuwa ba ce a 4001. Sandunan ƙarfe biyu ne a cikin wuyanta, waɗanda ake daidaita lanƙwasar wuyan da su, kuma tsohon tsarinsu ba a ɗaure shi kamar na Fender. Sai ka fara lanƙwasa wuyan da hannu zuwa inda kake so, sannan ka ɗaure ya riƙe. Wanda bai sani ba ya kama murɗawa da ƙarfi, sai fuskar wuyan ta ɓalle daga sama. Gibson Thunderbird ta 1963 kuma nata ciwon a kai yake. Ray Dietrich, mai zana motoci, shi ya zana ta, kyakkyawa ce ƙwarai, amma kan ya yi girma, maƙogwaron ya yi siriri. Da wuya ka ga ta farkon nan da ba a taɓa ɗora mata karaya ba. Kowane samfuri da inda yake ciwo, mai saye ya fara sanin wannan kafin ya san launi.

Shugaban Zaure:
Jama'a, muhawara ta yi daɗi, amma mun bar mai tambaya a tsaye. A dawo kan Jazz Bass ɗin 1964. Sannan wanda ya turo hotunan jitocin sayarwa na goge su, akwai ranar talla.

Yaya Matafiyi:
Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, kuma ni ya taɓa cizo na. Fuskar wuyan Fender na wancan zamanin yawanci katakon rozwud na Barazil ne. Tun 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da itatuwa masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa wannan itacen a rukunin farko, wato wanda aka fi tsananta wa. A 2017 an sa sauran danginsa ma a ƙarƙashin doka, daga baya a 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa, amma sassaucin bai shafi na Barazil ba. Ma'ana, in za ka tsallaka iyakar ƙasa da ita ko ka aika wa mai saye a waje, kana buƙatar takardar da ke nuna an yi ta kafin dokar. Ni sai da wata jitata ta yi makonni a hannun jami'an wani filin jirgi kafin in karɓo ta, kuma laifina ne, ban nemi takardar ba. In kai mai yawon wasa ne, ka sa wannan a lissafi.

Ɗan Bes:
Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Na gode Yaya. Mun yi magana da mai ita, ya yarda a kwance gobe. Baba, akwai wani abin da zan duba bayan waɗanda ka lissafa?

Baba Mai Gyara:
Akwai, kuma shi ya fi duka. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya. A tsohuwar Fender kanta yana gindin wuyan, don haka in an kwance za ka gan shi. A sassauta shi kaɗan, a ɗaure kaɗan, a ga yana juyawa ta kowane ɓangare kuma wuyan yana amsawa. In an riga an ɗaure shi har ƙarshe amma wuyan yana nan a lanƙwashe, ka bar ta ko da kyauta ce, don wuyan shi ne abin da kake saye. Ka kuma hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai saita bindiga, ka ga ko ƙarshensa ya ɗaga sama. A ɗaga farantin gaba a ga ko an taɓa huda katakon an cike. Ɗigon da ke fuskar wuyan a 1964 ya kamata su zama masu launin yumɓu marasa sheƙi, sai a ƙarshen shekarar aka fara komawa masu walƙiya. In ka ga farin zare a gefen wuyan ko manyan alamomi masu kusurwa huɗu, wannan ya wuce 1964. Ka ɗauki hoton komai.

Injiniya:
Ka kuma tafi da taka jitar, ku jona su a amfilifaya ɗaya, ka juya baya wani ya kaɗa maka. Don Allah ka yi min wannan.

Ɗan Bes:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri na kwana biyu shiru.

Hatimin wuya ya fara da 7, shekarar 64, ya ƙare da A. Ɗigon masu launin yumɓu ne. Sandar wuya tana juyawa lafiya lau. Amma maɓallan sauti duka uku 137 ne sai 66, kuma dalmarsu tana sheƙi. Maɗaukin sauti na kusa da wuya kamar ba a taɓa shi ba, na kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a ƙasan jiki, kuwa an sake naɗa masa waya, launin wayar ma ya bambanta. A ƙarƙashin farantin gaba akwai wani rami mai kusurwa huɗu da aka cike da katako, kamar an taɓa sa batir. Mai ita ya rantse bai san da ramin ba, kuma daga yadda fuskarsa ta canja na yarda da shi.

Injiniya, na yi gwajinka. Sau goma aka kaɗa min, shida na dace. Ka ci rabin gardama. Amma da na karɓe ta a hannuna sai na manta da kai.

Injiniya:
Shida cikin goma ai ɗan'uwan canki-canka ne. Amma na ji, hannunka ne, kuɗinka ne.

Baba Mai Gyara:
Maɓallan 1966 ba za su fito daga masana'anta a jitar 1964 ba, wannan a bayyane yake. Sai dai ba abin tsoro ba ne. A 1966 Fender ta sayi maɓallan CTS masu ɗimbin yawa har ta kai farkon shekarun 1970 tana amfani da su, don haka suna ko'ina, mai gyara ya samu ya sa. Ramin batir kuwa aikin zamanin da bes ɗin kamfanin Alembic da Music Man StingRay ta 1976 suka sa kowa yana son bes mai batir ne. Wani ya sa mata, wani ya cire, mai yiwuwa a lokacin aka yi fentin don a rufe ɓarnar. Labarinta ya haɗu. Wuya na gaske, jikin da alama na zamanin, sauran an taɓa.

Alhaji Mai Tsohuwar Zuma:
To yanzu ta fita daga layinmu gaba ɗaya, ta zama ta masu aiki. A kuɗin farko ban yarda ba ko kaɗan. In zai sauko sosai, ba zan hana ka ba. Amma ka sa ya rubuta maka takarda ya lissafa duk abin da aka gani, fenti, rami, maɓallai, naɗin waya, ya sa hannu, kai ma ka sa. Ranar da za ka sayar, ka nuna wa mai saye ita tun kafin ya tambaya.

Ɗan Bes:
Ya sauko, Alhaji, har ba sai na sayar da tawa ba. Mun rubuta takardar, kuma jitar tana gabana yanzu haka. Jiya na kai ta wurin gwaji, mai ganga ya juyo ya ce me na canja.

Anti Mai Tsirkiya:
Barka, ƙanena! Allah ya sa ka kashe ta da aiki, ba da kallo ba.

Mai Hagu:
Barka. In mai ita ya san wani bahago, a tuna da ni.

Ɗan Bes:
Amin Anti, na gode. Tambaya ta ƙarshe Baba: tsirkiya masu santsi zan sa mata ko masu kaushi? Kuma in nemo maɓallan 1964 in mayar?

Baba Mai Gyara:
Da masu santsi ta fito daga masana'anta, kuma sun fi tausaya wa ƙarafan wuya, waɗanda na gani a hotonka sun riga sun sha jiki. Ka fara da su, marasa kauri, ka ba wuyan mako biyu ka ga yadda zai zauna. Maɓallan kuwa ka bar su tunda suna aiki. Duk abin da ka cire nan gaba, ko sukuru ɗaya ne, ka sa a leda ka rubuta kwanan wata ka ajiye a cikin akwatin. Kar ka bar ta a mota a rana, kar ka jingine ta kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Kuma ka tambayi mutumin ko ya san irin fentin da aka fesa. In irin na dā ne, robar da ke jikin mazaunin jita tana cin sa, sai ka naɗe wurin da tsumman auduga kafin ka ɗora ta.